Abin da Ya Sa Na Cire Agogon

Da Sallar da ta wuce ina kwance a ɗaki na ji Hadiza a tsakar gida tana gaya wa 'ya'yanta wai kakarsu ta cire agogon nan ne don ta ɗauka akwai aljani a cikinsa. Yaran suka yi ta dariya. Ban fito ba, domin ƙafata ba ta saurin da take yi a da, kafin in kai bakin ƙofa maganar ta huce. Amma na riƙe ta. Hadiza, biyar na haifa, ke da yayanki kaɗai Allah ya bar mini, kuma kin fi kowa sanin bakina. Ki karanta wannan da kyau, ki kuma karanta wa waɗanda kika ba labarin. Ni Talatu ban taɓa tsoron agogo ba. Ina da shekara arba'in da 'yan kai na shiga ajin yaƙi da jahilci, na zauna a tabarma da littafi a cinya, matan garin nan suna leƙe ta saman darni suna cewa na haukace. Na koyi baƙi da wasali, na koyi lissafi. Duk lambar da agogon nan yake nunawa ina karanta ta sarai. Da idona buɗe na cire shi.

Shekara biyu bayan rasuwar mahaifinku, Malam Sale, gidan nan ya rage daga ni sai awaki uku da kaji. Ke kina Zakirai gidan mijinki, yayanki yana Abuja wurin aiki. Shi ɗan fari ne, kuma yadda aka tashe mu, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta zaman hira da shi. Nono na ba shi, shi ma sai na juya baya. Wadda ta goya shi Yalwa ce, maƙwabciyata, wadda darni ɗaya ya raba mu fiye da shekara arba'in. Ita take ƙwala masa kira da sunansa har a ji a bakin rijiya, ita take share masa majina, ita take zane shi in ya yi laifi. Tare muka shiga ajin karatu da ita, wata uku ta gudu, ta ce baƙaƙen suna yi mata yawo kamar tururuwa. Tun daga nan ta sa mini suna Malama, don tsokana. A shekarar da nake ba ki labari kunnen Yalwa ya riga ya mutu. Sai ka kafa baki a kunnenta ka yi ihu, ta ce ka daina raɗa.

Da bazara yayanki ya zo da wani ɗan farin kwali. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon rumbu kamar yadda na saba.

“Inna, kawo hannunki.”

“Me za ka yi da shi?”

“Agogo ne. Na 'yan guje-guje ne, amma yana auna bugun zuciya, yana ƙirga taku, yana sanin barcin mutum. Duk abin da ya gani zai gaya wa wayarki, ni kuma in gani a tawa.”

“Ni da nake da rana a sama, me zan yi da agogo?”

“Ba don lokaci ba ne, Inna. Don hankalina ya kwanta.”

Na miƙa hannun. Baƙi ne, maɗaurinsa na roba, fuskarsa kamar ta ƙaramar waya. In ka ɗaga shi, akwai wata koriyar wuta a ƙarƙashi tana ƙiftawa a kan fata. Ya nuna mini hotunan ciki ɗaya bayan ɗaya: ga zuciya, ga tafin ƙafa, ga wata da tauraro na barci, ga mai gudu, ga mai keke, har da mai ninƙaya, ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Ya kafa mini ƙaramin sola a kan rufi don caji, ya ajiye wayar a tagar gabas, wurin da sabis yake kamawa. Yalwa ta shigo ta kama hannuna ta juya shi kamar mai taya kaza a kasuwar Tsanyawa.

“Malama, yanzu zuciyar taki ma Abuja za a riƙa aikawa da ita?”

Na yi ihu a kunnenta na ce haka ya ce.

“To ki ce ya sayo mini na kunne. Ko da yake bari, abin da ake faɗa a garin nan gara ban ji ba.”

Gaskiya zan faɗa, da farko na so abin. Ni mai son lamba ce, tun da na same ta a makare. In na dawo daga rijiya sai in zauna in duba: ɗari da biyar, ɗari, casa'in da biyu, har ta sauko tamanin. Cajinsa yana kwana biyar. Ruwa ba ya yi masa komai, in zan yi alwala sai in tura shi sama. Amma yana da wautarsa. In ina daka, kowane bugun taɓarya taku ne a wurinsa, sai ya ce na yi tafiyar da ta kai Tsanyawa alhali ban bar gindin turmi ba. In na ɗauko itace a ka, hannuna yana sama yana tallafe, sai ya ce ban motsa ba. In na zauna jan carbi bayan azahar, sai ya girgiza ya nuna mini hoton wani mutum yana miƙa, wai in tashi. Da zafi robar tana fitar mini da ƙuraje. Da tsakar rana kuwa fuskarsa ba ta ganuwa sai ka kare ta da mayafi. Mafi girman ƙaryarsa ita ce ta barci. In na kwanta shiru ban motsa ba, ina tunanin Malam, da safe sai ya ce na yi barcin awa bakwai mai daɗi.

Duk wannan ba shi ya dame ni ba. Kafin agogo, kullum bayan rana ta fito yayanki yana kira. “Inna, ina kwana? Kin tashi lafiya?” In ce lafiya lau. “Ya jiki?” In ce alhamdu lillahi, ka gaida mutan gidan. Shi ke nan, ba ta kai minti ɗaya. Amma saboda wannan mintin nake share tsakar gida da wuri, in fara daga zaure in ƙare a gindin tagar gabas, don kada wayar ta yi ƙara ina nesa. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Da agogo ya zo, kiran ya koma saƙon murya. “Inna, na ga kin yi barci sosai, madalla.” Daga kullum ya koma bayan kwana uku, daga nan ya koma Juma'a. Me zai tambaya? Ya riga ya gani. Ni kuma na ci gaba da sharar nan tawa, ina ƙarewa a gindin taga, in tsaya da tsintsiya a hannu kamar mai jiran mota.

Kin san tun da na yi karatu na koyi hukuncin wankan gawa a wurin malamar Islamiyya, ni ce mai yi wa matan garin nan wanka in sun rasu. Ana cikin marka, wata Laraba da sassafe, Sa'a matar ɗan Yalwa ta leƙo ta darni, ba ta ko yi sallama ba.

“Inna Talatu, ki zo. Na kai mata koko, na taɓa ta, ba ta motsa ba.”

Na tarar da Yalwa a kwance ta ɓangaren dama, hannunta a ƙarƙashin kunci, kamar za ta buɗe ido ta ce me ya kawo Malama da sassafe. Ban yi kuka ba, aiki ne a gabana. Ni na jawo ruwan da kaina, sawu shida zuwa rijiya, ban yarda kowa ya taya ni ba. Ni na je bayan gari na tsinko ganyen magarya. Na koma gida na ɗauko kafur, na koma na ɗauko allura, na je zaure na karɓo likkafani daga hannun maza. A duk wankan da na yi a baya ina cire agogon in ajiye, ranar kuwa ko tuna shi ban yi ba. Sa'a tana zuba ruwa ina wankewa, dama kafin hagu, sau uku, na ƙarshe da kafur. Na kwance mata kitso, wanda ni na yi mata shi ranar Juma'a, na wanke gashin na raba shi uku. Ina cikin kitsa na tsakiya sai abin nan ya hau girgiza a hannuna kamar an taka wutsiyar kare. Ɗakin da duhu, fuskarsa ta haska, ga hoton kofi irin na 'yan ƙwallo, taurari suna tashi suna zubowa. Ashe na cika takun da agogon ya yanka mini na rana. Hasken har kan goshin Yalwa. Sa'a ta saki buta.

“Innalillahi! Inna, mene ne?”

“Ba komai. Ɗauki butarki, zuba.”

Aka kai ta kafin azahar. Na zauna cikin mata ana karɓar gaisuwa, da la'asar na zagayo gida don in yi salla. Wayar tana taga, da saƙo a ciki. Na danna, muryar yayanki ta cika ɗakin, da fara'arsa.

“Inna, sannu da ƙoƙari! Yau kin wuce kowace rana, taku dubu goma sha ɗaya. Haka nake so. Amma ki riƙa hutawa, na ga zuciyar ta ɗan hau da hantsi. Ko biki ake yi a garin ne?”

Na saurara sau biyu. Sannan na kwance maɗaurin, na sa agogon a cikin samira na rufe, na tura ƙarƙashin gado. A wurin da yake zaune fatata ta yi fari, tana ƙanshin kafur. A nan ne na yi kukan, ni kaɗai, awaki suna kallona ta ƙofa.

Yanzu ga laifina, ba zan ɓoye shi ba. Na ce a raina bari in ga kwana nawa zai yi kafin ya tambayi mutum. Washegari ya kira, abin da ya daɗe bai yi ba.

“Inna, agogon ya tsaya ne? Ba na ganin komai.”

“Bai tsaya ba. Na cire.”

“Me ya sa?”

“Ƙaiƙayi yake sa ni.”

Ni da na taɓa tsayawa a ƙofar gidan mai unguwa na gaya masa bai yi adalci ba a rabon taki, ni ce na yi wa ɗana ƙarya a kan roba. Ya yi ta bayanin yadda ake sassauta maɗauri. Bai tambayi Yalwa ba, ni kuma ban ce masa matar da ta goya shi tana ƙasa tun jiya ba. Ke kin ɗauka na gaya masa, na bar ki a haka. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, ba ya nan, mutane suna tambaya ina cewa aiki ne. Rana ta tara ya ji a bakinki. Ya kwana a hanya, ya sauka gidan Yalwa, ya je maƙabarta, sannan ya shigo wurina ya durƙusa a bakin ƙofa, idanunsa jajur.

“Inna, ya haƙuri?”

“Mun gode Allah.”

“Ba a gaya mini ba.”

“Ba ka tambaya ba.”

Ya dubi hannuna, ya dubi ƙasa. Na kawo masa tuwo bai taɓa ba. Kafin la'asar ya koma bakin titi ya hau bas. Daga nan sai kiran Juma'a, lafiya lau, alhamdu lillahi, a kashe. Darnin da ke tsakanina da Yalwa ya faɗi da ruwan ƙarshe, ban ɗaga shi ba, don ba mai leƙowa.

Akwai abin da na sani na yi shiru. Tun ina sa agogon na lura wani lokaci ina zaune ba na komai, lambar ta tashi daga tamanin ta haura ɗari da talatin, ta faɗo, ta sake tashi. Yayanki ma ya gani, ya ce bayan kaka zai kai ni wurin likita. Da na cire, shi ya daina gani, ni kuwa ina jin ta a ƙirjina tana fiffika kamar tsuntsu a cikin ƙwarya. Ban gaya wa kowa ba. Da kaka ina roron wake a gonar bayan gari, da hantsi, sai ƙwaryar ta suɓuce daga hannun hagu. Na sunkuya zan ɗauka, ƙasa ta taso ta same ni. Kin san gonakinmu, ko'ina gona tana jingine da gona, ba inda za ka tsaya ba ka ji muryar mutum ba. Ina kwance a cikin karan dawa ina jin masu yankan gero suna gardama, ina jin babura a kan hanya, ina jin mata suna wucewa suna dariya, jifa ɗaya tsakaninmu. Na buɗe baki, harshena ya zama kamar tsumma. Na ji kiran azahar a kwance. Tururuwa suna hawa hannuna ina kallonsu ba na jin su. Sai da la'asar wata Bafulatana mai nono da ta ratso ta gonar don ta rage hanya ta yi tuntuɓe da ƙafata.

Sauran kin sani, daga Tsanyawa aka wuce da ni Kano. Likitar, yarinya ce ba ta kai ki ba, ta ce bugun zuciyata ya daɗe ba ya tafiya daidai, shi ya tura gudan jini ya toshe hanya a kai, kuma da an gano da wuri akwai maganin da ake sha. Ta ɗaga kai daga takarda ta ce, “Wa yake zaune da ita a gida?” Ku biyu kuna tsaye, kowa ya sunkuyar da kai. Saboda haka in kun ce da ban cire agogon ba da wataƙila hannuna yana nan, ban musa ba. Hannun da na yi wa matan garin nan wanka da shi shekara ashirin yana kan cinyata kamar na aro. Yanzu in an yi rasuwa kujera ake ajiye mini a gefe, Sa'a tana wankewa, ni ina faɗa da baki. Na san abin da na biya.

Abin da ba ki sani ba shi ne wanda ya faru a rana ta shida a asibiti, bayan azahar, da kika fita nemo abinci. Yayanki yana kan benci, bakina ya fara sakin magana kaɗan-kaɗan. Ya matso, bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

“Inna, shekara nawa ina tambayarki lafiya? Amsarki ɗaya ce. Ranar da kika faɗi a bakin rijiya, lafiya lau kika ce mini. Ranar da ɗaki ya rushe, lafiya lau.”

“To a ina ka ji?”

“Wurin Inna Yalwa. Kullum in na gama da ke, ita nake kira. Ita take ce mini yau uwarka ta ci abinci, yau ba ta ci ba, yau tana fushi da akuya. Da kunnenta ya tafi na rasa mai gaya mini. Shi ya sa na sayo agogon.”

Shekara da shekaru matar nan tana leƙo ni ta darni tana tsokanata, ashe rahoto take ɗauka. Ko sau ɗaya ba ta nuna mini ba. Na so in yi dariya, rabin bakina ya ƙi. Na so in ce masa sharar safe don shi nake yi, wannan ma ya ƙi fita, ba kuma don ciwon ba. Abin da na iya cewa kawai shi ne, “Ban kyauta ba da na ɓoye maka rasuwarta.” Ya sa fuskarsa a tafin hannu. Mutumin da furfura ta fara fito masa, kafaɗunsa suna rawa a gaban masu jinya. Na bar shi ya yi.

Da za a sallame ni kun so in zauna a Abuja ko a Zakirai, na ƙi, kuka ce taurin kai. Yayanki ya ce to aƙalla in mayar da agogon. Na ce zan mayar, da sharaɗi: ya goge shi daga wayarsa, a gabana. Ni zan riƙa karantawa. In yana son ya san lambar, ya kira ya tambaya.

“In na tambaya, gaskiya za ki faɗa?”

Na ce masa zan gwada.

Kwana biyu da dawowata gida wayar ta yi ƙara da hantsi. Na ja ƙafa na isa taga. Ya gaishe ni, sannan ya ce nawa ne yau. Na sa hannun dama na ɗaga na hagu, na kare fuskar agogon da mayafi.

“Tamanin da huɗu.”

“Madalla. Kin sha magani?”

“Na sha.”

“Me kika ci?”

Lafiya lau da alhamdu lillahi suna nan a bakina, a shirye, kamar kullum. Na dubi murhu, tokarsa ta shekaranjiya ce. Na ji zufa tana keto mini kamar yarinyar da aka tsayar gaban surukai.

“Ban ci ba. Tuwo ba ya tuƙuwa da hannu ɗaya, kuma na ji nauyin in roƙi Sa'a.”

Na ɗauka sabis ne ya ɗauke.

“Kana jina, ko kai ma kunnen ya tafi?”

“Ina ji, Inna. Ci gaba.”

Ban san akwai ci gaba ba sai da ya faɗa. Na jawo kujera da ƙafa na zauna. Na gaya masa akuyar nan mai ja ta haihu ba na nan, ɗaya ya mutu. Na gaya masa waken da na bari a gona ya fashe ya zube. Na gaya masa gidan nan ya yi mini girma, in na yi tari sai in ji kamar wani ne ya yi a ɗaya ɗakin. Bai ce zai zo gobe ba, don ba zai iya ba, kuma bai zo ba sai bayan mako uku. Sauraro kawai ya yi. Muna nan har inuwar rumbu ta janye daga bakin ƙofa, wayar ta yi zafi a kunnena. Da muka gama na zauna kaɗan, sannan na dafa bango na fita tsakar gida, na tsaya a inda darnin ya faɗi, na ɗaga murya na ce, “Sa'a! In kin sauke, ki zubo mini.”